Kurege da Hantar Mai Jego

To, ga ta nan ga ta nanku, in dai za ku bar ni na numfasa.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Kurege ne dai, wanda ake ce wa Na-Tasalla. Matar Bushiya ta haihu, ranar suna aka yanka rago, aka ce Kurege ya soya kayan ciki a kai wa mai jego. Kurege kuwa ba abin da yake ji da shi duniya kamar a ce masa mutumin kirki.

Yana suya, ƙamshi na dukan hancinsa. Ya ce, "Bari na ɗanɗana gishiri." Ya ɗauki yankin hanta ɗaya. Ya ce, "Gishirin bai ji ba." Ya ƙara. Ɗanɗana gishiri, ɗanɗana gishiri, sai ga hanta ta ƙare tas. Wayyo! Sai ya yayyanka huhu, ya soya shi har ya yi baƙi, ya zuba yaji, ya rufe kwano, aka shiga da shi.

Dabara ta yi, amma zuciya ta ƙi. Aka kawo tuwo, Kurege ya kasa ci. Aka miƙo masa tsoka, ya ce ya ƙoshi. Ya ɗaga kai, ya ga Kunkuru, dattijon unguwa, yana kallonsa. Ya ce a ransa, "Shi ke nan, ya sani." Mata suka yi dariya a tsakar gida, ya ce, "Da ni suke." Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Ko sallama bai yi ba ya sulale gida, ya shige rami.

Kwana ɗaya, kwana biyu, ba gona, ba kasuwa. Tasalla matarsa ta leƙa ta ce, "Maigida, ka fito ka sha kunu mana."

Ya ce, "Da wane ido? Me ake faɗa a gari?"

Ta ce, "Ana maganar ruwa ya ƙi sauka."

Ya ce, "Ɓoye mini kike yi."

Ta ce, "Ni dai na gaji. Wa ya damu da kai ne?"

Haka ya kwanta yana juyi, kunya na cinsa, har ya rame.

Ran na uku da hantsi sai ga kiɗan kalangu a ƙofar gida. Ga Bushiya, ga makaɗi, ga Kunkuru yana haki, da ƙunshi a bayansa. Kurege ya ce, "Sun zo." Ya fito da rarrafe, ya faɗi gabansu ya ce, "Ku yafe mini! Ni na cinye hantar mai jego, huhu na soya mata!"

Bushiya ya ce, "Wace hanta? Ai cewa ta yi ba ta taɓa cin hanta mai laushin wannan ba."

Kunkuru ya sauke ƙunshin, sai ga rawani fari fat. Ya ce, "Ɗan nan, na ga ka yini a kan nama ko tsoka ba ka taɓa ba, na ce mun sami Sarkin Rabon Nama. Tun ranar na taso. Kwana uku ina tafe da ƙafafun nan nawa."

Kurege ya yi wuf ya ce, "Baba, ai gwada ku nake yi!"

Kunkuru bai ko dube shi ba. Ya ninke rawanin a hankali, ya yi ajiyar zuciya, ya juya ya kama hanyar wata tafiyar kwana ukun.

Kurege ya raɗa wa Tasalla, "Kina ganin za a ji a gari?"

Ta nuna makaɗi, wanda tuni ya nufi kasuwa yana gwada sabon take. Ta ce, "Yanzu kam har da kalangu."

Ƙurunƙus kan kurege! In kun ci hantar mutane, ku goge baki ku ci tuwonku, kowa ta kansa yake yi.