Gyaɗa Tara a Gwangwanin Ikilima

Akwai wani malamin firamare a wani ƙauye can bayan Minjibir, sunansa Kamaruddeen. Gidansu a tsakiyar gonaki yake, irin wanda idan dawa ta yi kai ba ka ganin maƙwabcinka, sai dai ka ji tarinsa. Yana da wata tsohuwar laftof da yake buga takardun makaranta da ita, kuma duk wanda wayarsa ta rikice a ƙauyen shi yake kai wa. Wannan ya ɗan sa masa jin kai.

A cikin laftof ɗin akwai wani bidiyo da bai kai minti uku ba. Mahaifiyarsa ce, Inna Barira, shekara guda kafin rasuwarta, tana shiƙar gero a gindin rumbu, tana dariya tana cewa a daina ɗaukarta.

Mahaifinsa Malam Dabo kuwa idanunsa sun fara tafiya. Likita ya ce ganin raguwa zai ci gaba da yi. Shi da kansa yakan ce duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta bakin tulu. Wata safiya, bayan sun gaisa, ya ce yana son ya ƙara ganin mahaifiyarsu ko sau ɗaya, tun tulun bai rufe ba. An gwada masa a waya, bai ga komai ba sai haske. Sai dai fuskar laftof, ita ce mai faɗi.

To, a nan matsalar take. Da zarar Kamaruddeen ya kunna bidiyon, Inna ta ɗaga ƙwarya sama, sai hoton ya tsattsage, fankar ciki ta yi gurnani, fuskar ta koma shuɗiya kamar ruwan baba a karofi. Daga nan ta mutu, ta sake tashi da kanta.

Ya ce ƙura ce, ya hure ta. Ya ce zafi ne, ya ɗora ta kan duwatsu biyu a inuwar darbejiya. Ya ce batir ne, ya ce cutar kwamfuta ce. Sau uku yana zaunar da tsohon a kan tabarma, sau uku shuɗin nan yana rufe Inna. A na ukun Malam Dabo ya laluba sandarsa ya ce ba komai, Allah bai nufa ba.

Duk wannan a gaban matarsa Ikilima ake yi. Ita karatunta a aji shida ya tsaya, kuma ba mai yawan magana ba ce. Tana gefe tana ɓarar gyaɗa, amma idonta na kan abin. Ta tuna yadda uwarta ke yi idan akuya ta kama zawo: ba ta dukanta, ba ta kai ta kasuwa, sai ta zauna ta yi lissafin me ta ci sabo, kuma a wane lokaci ciwon ke tasowa.

Sai ta samu gwangwanin madara. Idan laftof ta mutu ana kallon hoto mai motsi, ta jefa gyaɗa ɗaya. Idan ta mutu yana rubutu, za ta jefa ƙwayar masara.

Ranar da ta fara ƙoƙarin yi masa bayani, ko ɗagowa bai yi ba.

"Sannu injiniya," ya ce yana murmushi. "Wannan ba tukunyar miya ba ce. Je ki duba tuwonki."

Ta koma madafa da gwangwaninta. Ba ta daina jefawa ba.

Bayan mako biyu ya gaji, ya kira abokinsa Abdulbasit mai gyaran kwamfuta a Kano, ya saki muryar a fili. Ya ce gobe zai kawo laftof ɗin a goge komai, ko a sayar da ita kayan gyara. Abdulbasit ya ce kada ya yi gaggawa, ya fara gaya masa abu biyu: me yake yi idan ta mutu, kuma yaushe ta fara. Kamaruddeen ya ce ai kullum ne, ba ta da lokaci. Yaushe ta fara kuma, wallahi ba zai iya tunawa ba.

Ikilima ta matso a hankali, ta durƙusa, ta juye gwangwanin a kan faifai. Gyaɗa tara. Masara ko ɗaya.

"Malam, ba ta taɓa mutuwa kana rubutu ba," ta ce, muryarta can ƙasa. "Sai abu mai motsi. Kuma ta fara ne tun ranar da ka je Minjibir tura sunayen ɗalibai. Da ka dawo wasu ɗigo-ɗigo suka yi ta juyawa a fuskarta kamar mazari, ka ce kada a taɓa, tana shan sabon abu."

Abdulbasit ya fashe da dariya. Ya ce amarya ta gama aikin. Akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direban hoto, ita ke gaya wa kwamfuta yadda za ta zana abin da ido ke gani. Ranar da laftof ɗin ta hau intanet ta sauko da sabuwa, wadda ba ta dace da tsohuwar na'ura ba. Ya bi da Kamaruddeen mataki-mataki har suka mayar da tsohuwar manhajar, suka kuma hana sabuwar sake saukowa da kanta.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa wa Malam Dabo tabarma a zaure, inda haske bai yi yawa ba. Ya kawo fuskarsa daf da gilashin. Inna ta ɗaga ƙwarya. Kamaruddeen ya riƙe numfashi. Geron ya zubo, ƙaiƙayi ya tashi a iska kamar hayaƙin turare, ya bi ta bayan rumbu, Inna ta juyo tana dariya.

Tsohon ya ƙura wa hoton ido. Can ya goge ido da bakin rawani.

"Har yau ba ta iya tsayawa bayan iska ba," ya ce. "Maimaita min."

Sau biyar aka maimaita. Da ya tambayi wanda ya gyara, Kamaruddeen ya sunkuyar da kai ya ce ba shi ba ne, Ikilima ce. Tsohon ya sa mata albarka da ƙarfi yadda za ta ji daga bayan zana. Ita kuwa ta rufe fuska da mayafi.

Kafin damina ta zagayo, tulun ya rufe. Amma Malam Dabo yakan sa a kunna masa duk da haka. Idan dariyar ta zo, sai ya gyaɗa kai ya ce yana ganinta sarai.

Darasi: Kafin ka yanke wa abu hukunci, ka tambayi yaushe ya fara kuma me ya canza. Kada kuma ka raina mai shiru a gidanka, wataƙila shi ne ya ga abin da ya wuce ka. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai saurari na kusa da shi tun lokaci bai ƙure ba.