Tokar Ɓawon Ƙwai

Akwai wata mata mai karatun digiri na uku a fannin haɗa sinadarai. Bincikenta shi ne yadda za a mayar da tsohon man suya ya zama man tayar da inji, da taimakon tokar ɓawon ƙwai maimakon sinadarai masu gurɓata ruwa.

Kullum da safe sai ta bi gidajen burodi tana tattara ɓawo. Mahaifiyarta, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ita ke zama a tsakar gida ta wanke shi, ta shanya.

Farfesan da ke duba aikinta shi ya laƙaba mata Mai-ƙwai. In ta shigo ɗakin gwaji sai ya toshe hanci.

"Ku buɗe taga, 'yar bola ta iso," in ji shi.

Ɗalibai su yi dariya don kada su shiga uku. Ita kuwa sai ta kunna tanderun da take ƙona ɓawon a ciki.

A shekara ta uku man ya fito garau, injin gwaji ya tashi da shi. Da gudu ta kai wa Farfesa littafin da take rubuta sakamako. Ya jefa shi a aljihun tebur, ya kulle.

Bayan wata biyu takardar binciken ta fito da sunansa shi kaɗai. Ta same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, ban ga sunana ba."

"Sunanki? Tsintar shara bincike ne? Ajiye makullin ɗakin gwaji ki fita."

Ta kai ƙara, aka ce ta kawo shaida, shaidar kuwa tana aljihun teburinsa. A gida tsohuwa ta ci gaba da tambaya: "Yaushe za a fara kiran ki Dakta?" Ta ce, "An kusa, Inna." Kafin shekara ta zagayo Inna ta rasu.

Wata masana'anta ta gayyaci Farfesa ya gwada aikin a babbar tukunyarsu. Bai san cewa tokar tana shan danshin iska ba, dole a sake ƙona ta kafin a zuba. Ya juye wadda ta daɗe a buɗe. Man ya daskare ya zama sabulu, ya toshe bututai, aiki ya tsaya kwana tara.

Kwamitin bincike ya kira su duka biyu, tunda ta taɓa kai ƙara kan aikin. Wani injiniya ya tambaye shi me ya lalata man. Farfesa ya gyara tabarau, ya yi kame-kame. Aka juyo gare ta. A jimla uku ta amsa.

Aka janye takardar, aka sallame shi daga aiki. A bakin matakala ya tare ta.

"'Yata, ki sa baki, ina da iyali."

Ta dube shi. "Ni ma a da ina da uwa, Farfesa."

Ta wuce, ta bar shi riƙe da kwalin kayansa.

Darasi: Wanda ya ƙwace wahalar wani takarda kawai ya samu, sanin yana wurin mai shi. Kuma ko gaskiya ta fito, ba duk abin da zalunci ya cinye ke dawowa ba. Ku tura wa duk mai ci da guminsa ko gumin na ƙasa da shi.