Akwatin da ya riga mutane shiga mota

Akwai wani dagaci mai suna Dikko, a wani ƙauye da ruwan dam ɗin Tiga ya shanye a 1974. Shi ne na shida a gidansu da ya ɗaura rawani. Babban ɗansa Rufa'i kuwa tun yana saurayi yake tafiya kamar an riga an naɗa shi.

Ranar tashi, mota ɗaya aka turo wa unguwarsu. Rufa'i ya riga kowa, ya ɗora akwatin sarauta a kujerar gaba, mai ɗauke da rawani da takobi da buzun kakanni.

Wata tsohuwa, Delu, ta durƙusa ta roƙe shi ya bar wa mijinta Buba wurin, don makaho ne, ga ciwon ƙafa.

"Iya, wannan akwatin ya girme shi," in ji Rufa'i.

Ƙanensa Sale ne ya goyi Buba, suna tafiya suna hutawa har garin Ƙofa. Tsohon bai yi sati biyu ba ya rasu. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye.

Jama'a suka warwatse, wasu Ƙafin Maiyaki, wasu Tudun Wada. Sale ya dinga bin su a keke, yau suna, gobe ta'aziyya. Rufa'i yana Bebeji yana shanya rawani kada asu ya ci.

Bayan shekara uku Dikko ya rasu da kewar garinsa. Wakilin hakimi ya zo naɗa sabon dagaci, aka tara jama'a, ya ce kowane magidanci ya tsaya bayan wanda yake so. Sale ya ƙi fitowa, ya ce ba ya ja da yayansa. Mutane suka bi shi har gindin darbejiyar da ya raɓe, suka yi layi.

Rufa'i ya waiwaya. Babu kowa a bayansa sai akwatin.

Delu ta matso kusa da shi, ta nuna akwatin. "Ɗan nan, ga wanda ka zaɓa, bai gudu ya bar ka ba."

Rufa'i ya zauna a kan akwatin ya rufe fuska. Sale ma kuka yake aka ɗaura masa rawanin.

Darasi: Gado yana iya ba ka rawani, amma ba ya ba ka mutane. Ku tura wa duk wanda yake jiran wata kujera, ya duba wa ya bari a ƙasa.