Ƙwayoyin Masarar Inna Zuwaira

Akwai wani mutum mai suna Mamuda a Tungar Jibo, wani ƙauye da ke tsakanin Bakura da Maradun. Ba shi ne mai gari ba, ba kuma liman ba ne. Amma shi ne ya yi sakandare a Talata Mafara, don haka duk baƙon da ya zo da takarda, ƙofarsa ake nuna masa. Tun yana jin daɗin haka har ya koma ganin garin ba shi da baki sai nasa.

Wata shekara bayan kaka, sai ga farar mota ta shigo garin. Shugaban tafiyar wani matashi ne mai natsuwa, sunansa Mas'ud. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali da gajiya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo su. Gwamnati za ta karɓi rance daga wani babban banki na ƙasashen waje don ayyukan raya karkara, bankin kuma ya ce sai an ji ta bakin jama'a tukuna.

Wani dattijo da ake kira Ɗanasabe ya gyara zama.

"Yaro, lokacin da anka yi dam, wa anka tambaya? Sai yanzu da za a ci bashi da sunan jikokinmu anka tuna muna da baki?"

Aka yi dariya. Wani ya ce shi taki yake so. Wani ya ce a ba su tsaro kawai, sauran za su yi da hannunsu. Liman ya ce in dai akwai riba a kan kuɗin, shi a cire sunansa.

Mas'ud ya saurare su duka. Ya ce tsaro ba ya cikin abin da aka aiko shi da shi, amma zai rubuta. Abu biyar ne a hannunsa: hanya, kasuwa, ruwa, asibiti da makaranta. Ya sa aka jera ƙorai biyar a cikin ajin firamare, kowace da hoton abin da take nufi. Kowane baligi za a ba shi ƙwayar masara goma, ya shiga shi kaɗai, ya zuba inda ransa ya fi so.

Sai maganar mata ta taso. Ma'aikaciyar da za ta shiga gidaje ba ta samu zuwa ba. Matan Tungar Jibo kuwa ba sa fitowa taron baƙi maza. Abin da aka saba shi ne tsohuwa ta zaga ta ji ta bakinsu, ta kawo saƙo zaure, namiji ya isar. Ga shi kuma dole motar ta bar garin kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki.

Mamuda ya ce, "Ku bar mini wannan. Matanmu, tun kafin su buɗe baki na san abin da za su ce."

Wadda ta zaga gidajen ita ce Inna Zuwaira. Aminiyar mahaifiyarsa ce, da bayanta ta goye shi yana jariri. Bayan azahar ta same shi a zaure da ƙullin tsumma biyu na ƙwayoyin masarar matan.

"Ga shi, Mamuda. Wanga babba na ruwa ne, mata talatin da tara. Wanga ƙarami na asibiti, mata bakwai. Kada ka gauraya su."

"Haba Inna! Mutanen da ke gina gadoji a ƙasashe za mu tsayar, mu ce musu rijiya? Ai sai su rena mu. In an yi kasuwa, kuɗi sun shigo, rijiya nawa ce?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai da kake iske ruwa cikin buta, ina ka san inda anka ɗebo shi? Kai dai kai saƙo, ɗan nan. Amana ce."

Gaskiyar tsohuwar ce. Rijiyar garin takan ƙafe tun tsakiyar rani. Daga nan 'yan mata da tsofaffi ke tafiya wani tafki mai nisan sa'a guda, a bakin dajin da kowa ya san su wa ke ratsa shi.

Mamuda ya ji nauyin a gan shi yana ratsa taro da ƙullin tsumma a hannu, shi da ya sha babbar riga. Sai ya kwance su ya juye a aljihu, babba da ƙarami wuri ɗaya.

Ya shiga ajin. Ba kowa sai shi da ƙorai biyar. Jama'a, Mamuda ba ɓarawo ba ne, bai ci ko sisi ba. Shi dai ya tabbatar wa kansa ya fi su sanin abin da zai amfane su. Ya wuce ƙwaryar ruwa, ya tsaya kan ta kasuwa, ya dinga ɗebowa yana zubawa.

Ƙarar zubar masarar ta fi yadda ya zata, har sai da ya waiwaya ya dubi ƙofa.

Aka juye kowace ƙwarya a jakarta, mota ta tashi. Shi kuma ya ninke rigarsa ya mayar akwati.

Bayan fiye da shekara, sai ga motocin yashi da bulo. Inna Zuwaira ta tare shi a hanya, tulu a kanta.

"Mamuda, ruwan bai samu ba ke nan?"

"Maza sun fi ku yawa, Inna."

Ta ce, "To. Allah Ya sani." Ta wuce.

Aka gina rumfuna ashirin da huɗu, aka rufa musu kwano mai sheƙi. Kasuwar ta ci sau uku. Fatake suka ce ba za su sa ransu a wannan hanya don buhun gero ba. Rumfunan suka koma wurin kwanan awaki.

Da bazara ta yi tsanani, wata safiya Inna Zuwaira ta tafi tafki da yara mata huɗu. Cikinsu har da Fatiha, 'yar Mamuda, mai shekara goma sha biyu. Suna cikin cika tulu suka ji ƙarar babura daga wajen daji. Tsohuwar ta tura yaran cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, ta ce kada wadda ta ɗago kai. Ita kuma ta ɗauki tulunta ta kama hanya a fili, tana tafiya a hankali, don idonsu ya tsaya a kanta.

Yaran sun dawo gida da hantsi, jikinsu duk taɓo. Tulun aka tsinta a gefen hanya, ko fashewa bai yi ba. Ita kuwa har yau ba a ji labarinta ba. Ba wanda ya kira neman kuɗin fansa, ba a ga gawa ba, balle a yi mata sallah. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Washegari Mamuda ya ciro babbar rigarsa don ya je Bakura ya kai rahoto. Yana zura hannu a aljihu, yatsunsa suka taɓa wasu abubuwa masu tauri a cikin ɗinki. Ƙwayar masara uku.

Ya watsar da su bayan ɗaki, wurin da matarsa Lantana ke zubar da ruwan wanki, ya fita bai waiwaya ba.

Bayan mako guda, ɗaya ta tsiro.

A tsakiyar bazara, garin duk ya bushe ƙurmus, ita kaɗai ce koriya a gidan. Ya sunkuya zai tuge ta, sai ya ji muryar Lantana a bayansa.

"Bar ta, Malam. Mi ta yi maka?"

"Ciyawa ce."

"Masara ce. Kuma ni ban shuka masara a nan ba."

Mamuda bai iya ɗaga ido ya dube ta ba, don goma daga cikin ƙwayoyin da ya zuba na Lantana ne.

Daga ranar Mamuda ya rasa sukuni. In Lantana ta zuba hatsi a ƙwarya za ta kai surfe, sai ya tashi ya bar gidan. In ya ɗauki buta zai yi alwala, sai ya tsaya yana kallon ruwan. Da rana tsaka, in ya bi ta gefen ajin firamare, sai ya ji ƙarar nan tana fitowa ta taga, alhali yara sun tashi, ƙofa a kulle. Fatiha kuma ta daina yawan magana. Wani lokaci sai ta tsaya a ƙofar gida tana kallon hanyar tafki, ta ce, "Baba, ko yau za ta dawo?"

Masarar ta girma, ta yi goyo ɗaya. Ba wanda ya ce a gasa. Ta bushe a jikin kararta.

Da kaka ta zagayo, farar motar ta dawo. Mas'ud ya ce wannan karon ba zaɓe ya kawo su ba. Bankin na son sanin dalilin da ya sa aikin bai yi amfani ba. Ya kuma ce Tungar Jibo ba ta cikin zagaye na biyu, tunda ta riga ta samu abin da ta nema.

"Abin da ya ɗaure mana kai," in ji shi, "ƙwayoyin kasuwa sun fi na mazan garin nan gaba ɗaya yawa. Ke nan mata ma ita suka zaɓa. A sauran garuruwa kuwa, kusan ko'ina ruwa mata ke cewa. Malam Mamuda, kai ka san su. Me ya sa naku suka bambanta?"

Kowa ya juyo yana dubansa. Ba wanda ya gan shi a ajin nan. Wadda za ta iya ƙaryata shi ba ta nan. In ya yi shiru, sunansa na nan yadda yake, 'yan mata kuma za su ci gaba da zuwa tafki duk bazara.

Ya miƙe tsaye.

"Ba su bambanta ba. Ruwa sunka ce. Talatin da tara ruwa, bakwai asibiti. Inna ta ce kada in gauraya. Ni na juye su duka cikin kasuwa."

Sai Ɗanasabe ya ce, "Mu muna ta tsoron baƙo ya yanke muna hukunci bai tambaye mu ba. Ashe mai yin hakan yana zaune tabarma ɗaya da mu."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Mas'ud ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na ji tsoron hanya, na karɓi muryar mata arba'in da shida daga aljihun mutum ɗaya." Bai yi musu alkawari ba. Ya ce zai rubuta abin da ya ji, ba ragi ba ƙari.

Wata huɗu suka wuce kafin ya dawo. Ya zo da ma'aikata mata biyu, suka shiga gida-gida da ƙoran, kowace mace ta zuba nata da hannunta.

Da aka zo tattarawa, Mamuda ya matso a hankali. Ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwaya goma ce, daga masarar bayan ɗakinsa.

"Na Inna Zuwaira ne. Na san inda ta ce a sa."

Mas'ud ya daɗe yana kallon hannun.

"Ka yi haƙuri, Malam. Ba a ƙirga na wanda ba ya nan."

Mamuda ya rufe hannunsa ya koma gefe.

Shekarar da ta biyo aka haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar gari, kusa da masallaci. Yanzu ba yarinyar da ke zuwa tafki. Baƙo in ya zo da takarda, ba a ƙara nuna masa ƙofar Mamuda ba, shi ma bai nema ba. Ya bi gidajen nan arba'in da biyar ya nemi gafara daga bakin zaure. Wasu sun yafe, wasu sun ce sai sun yi tunani. Gida na arba'in da shida, na Inna Zuwaira, a rufe yake.

Ƙwayoyin nan goma har yau suna aljihunsa. Duk ranar wanki, Lantana takan ciro su ta ajiye a kan katanga. In rigar ta bushe, sai ta ƙirga su ta mayar. Ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa cewa ta bari ba.

Darasi: Saƙon da aka ba ka amana ne, ko da ƙwayar masara ce. In an tambayi jama'a abin da suke buƙata, kada ka amsa a madadin wanda ke ɗauke da wahalar, komai iliminka, domin wata gafarar in ka makara ba za ka iske mai ba ka ita ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu gida lafiya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ake turawa su yi magana da sunanmu.