Wil Hafod Wen Ya Dawo Gida

Akwai wata tsohuwa mai suna Marged, shekarunta tamanin da huɗu, da ta taso daga Amurka ta zo ƙauyenmu na arewacin Wales tare da 'ya'yanta biyu, Glyn da ƙanwarsa Bethan. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ce doguwar tafiyarta ta ƙarshe. Kwana biyar kacal suke da shi.

Saƙo ta kawo. Kakanta William Roberts ya bar nan yana saurayi, ya tafi aikin fasa dutse a Amurka, ya bar ƙanwarsa Catrin tana kuka a bakin ƙofa. Ya ce mata zai aiko a ɗauke ta. Bai aiko ba, kunya kuma ta hana shi ko rubuta wasiƙa. Da zai rasu ya riƙe hannun Marged tana 'yar shekara goma, ya ce in Allah ya kai ta, ta faɗa wa mutanen gidansu bai manta da su ba.

Ni ke kula da ɗakin karatun ƙauyen, don haka wajena suka fara zuwa. Glyn ya shigo da kwamfutarsa yana hura hanci, wai ya gama aikin neman asalinsu tun daga gida. Ya samo wani William Roberts da aka haifa a Plas, wato katafaren gidan masu ƙasa na da, shekarar haihuwa ta yi daidai. Shi ke nan, su jinin manya ne.

Na ce masa, bawan Allah, a wannan yankin kaɗai William Roberts goma sha ɗaya ne a ƙidayar jama'a ta 1891. Mu nan ba a gane mutum da sunan mahaifi, da sunan gidansu ake gane shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai tsallako teku don a kai shi wata bukkar makiyaya ba. Wallahi raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Marged ta ce a hankali, ita dai kakanta in ya yi nishaɗi yakan kira kansa Wil Hafod Wen. Glyn ya ce ya duba taswira, babu gida mai wannan suna, tsufa ne kawai.

Kwana biyu ya kwashe yana kai-kawo a Plas, wanda yanzu otal ne, yana ɗaukar hoto a gaban ƙofa. A rana ta uku mai otal ɗin ya nuna masa kabarin William ɗin Plas a bayan coci. Yaron bai je ko'ina ba, yana ɗan shekara shida ya rasu.

Ita kuwa Bethan tana zaune wajena tun safe har yamma, tana bin takardun ƙidaya layi-layi, rubutun ga shi kamar tafiyar tsutsa. Idonta ya yi ja, shayinta ya huce sau nawa ban ƙirga ba. Can a rana ta huɗu ta ɗora yatsa a kan wani layi. Hafod Wen. William, shekara goma sha bakwai, mai fasa dutse. Catrin, shekara tara.

To amma ina gidan yake? Nan na nuna mata dabarar. Malamin ƙidaya da ƙafa yake bin hanya, gida bayan gida, yadda ya taka haka ya rubuta. Gidan da ke sama da Hafod Wen a takardar shi ne Penybont, na ƙasa kuma Cwm Isaf, dukansu suna nan har yau, ke nan yana tsakaninsu. Ta buɗe ƙidayar 1911, sai ga Catrin matar aure a Cwm Isaf. Ashe katanga ɗaya ta tsallaka.

Ranar ƙarshe muka tafi, Glyn na tuƙi. Muka tarar da Emrys, tsohon da ke Cwm Isaf, yana gyaran shingen tumaki. Glyn ya tambaye shi ko ya san wani William Roberts. Emrys ya yi dariya, ya ce na wace maƙabarta, don kowacce akwai biyar.

Bethan ta matsa ta ce, “Baba, Wil Hafod Wen muke nufi.”

Tsohon ya ajiye gudumarsa. Ya daɗe yana kallon Marged da ke cikin mota.

“Yayan kakata ke nan,” in ji shi. “Har ta mutu, in jirgin ƙasa ya yi kuka sai ta leƙa taga.”

Marged ta fito da sandarta, ta tsaya gabansa. “Ya ce in gaya muku bai manta ba.”

“Mu ma ba mu manta ba, 'yar'uwa. Kun dai daɗe a hanya.”

Ni da ba dangina ba, sai da na share hawaye.

Kangon Hafod Wen yana kan tudu, rufi ya zube, tumaki ke kwana a ciki, kuma mota ba ta kaiwa. Marged ta dubi hawan, ta ce ta haƙura, ko daga nan ma ta gani. Sai Glyn ya cire kwat ɗinsa, ya durƙusa a cikin taɓo ya ce, “Mama, hau.” Haka ya goya ta har bakin ƙofar da Catrin ta tsaya tana kuka, Emrys, da ya riga ya ji labarin Plas, na biye yana tsokanarsa wai jinin manya ya iya goyo.

Darasi: Kada son babban suna ya sa ka raina ƙaramin gidan da ka fito, ko maganar tsohon da ya san hanya. Mai haƙurin bin layi-layi shi ya kai saƙon. Ku tura wa 'yan'uwa, kuma ku tambayi tsofaffinku sunan gidanku tun suna raye.