Ranar da Suwaiba Ta Gyara wa Gwaggo Tabawa Gida

An yi wata baiwar Allah, shekaru da dama da suka wuce, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Suwaiba ake ce mata. Bautar ƙasa ce ta kai ta can, tana koyarwa a firamare. A maƙwabtanta akwai wata tsohuwa makauniya, Gwaggo Tabawa, ita kaɗai a gidan da mijinta ya rasu ya bar mata. Ita ke girkinta, ita ke wankinta, ba ta jiran kowa.

To, ku saurara. Wata rana Gwaggo ta tafi barka, sai tausayi ya ɗebi Suwaiba. Ta shiga ta share gidan nan tas, ta kawar da turmi daga mazauninsa, ta jera gwangwanaye gwanin sha'awa. Ita dai lada take nema. Amma jama'a, wanda ba ya gani, da me yake gani? Da inda ya ajiye abinsa! Gwaggo ta dawo, ta yi tuntuɓe da turmi, goshi ya fashe. Ta zo miya, ta zuba kanwa a maimakon gishiri.

Labari ya kai birni. Kwana biyu sai ga ɗan ƙanin Gwaggo, Nafi'u, da mota.

"Gwaggo, tsufa ya zo. Haɗa kayanki mu tafi."

"Ɗan nan, a gidanka ko randa ban san inda take ba. Ajiye ni za ku yi kamar buhu."

Ta san wadda ta taɓa mata kaya, wallahi ta sani, amma ba ta faɗa ba. Suwaiba kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da kakinta na bautar ƙasa. In ta yi shiru, wa zai tona? Sai ta durƙusa.

"Malam, ba tsufa ba ne. Ni ce na birkita mata gida."

Gwaggo ta lalubo kan Suwaiba ta dafa. "'Yar nan, Allah ya rufe mini ido sau ɗaya, ke kuma kin ƙara. Na yafe. Tashi ki mai da."

Gwaggo na faɗa, tana mayarwa. Turmi nan, gishiri can. Nafi'u ya ce shi sai ya ga girkin Gwaggo da idonsa kafin ya bar ta.

Gwaggo ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Ta shiga laluben muciya, ga muciyar dab da ƙafar Suwaiba. Allahu akbar! Yarinyar nan ta danne hannunta a cinya, hawaye na zuba, ba ta miƙa ba. Gwaggo ta laluba, ta laluba, ta samu. Ta tuƙa tuwo, ta kwashe. Nafi'u ya ci har da ƙari, ya tafi shi kaɗai. A ɗakinta Gwaggo ta cika, bayan shekara tara.

'Yan'uwa, taimako ba karɓe wa mutum rayuwarsa ba ne. Akwai makaho a gidanku, akwai gurgu a layinku. Kafin ku taɓa masa komai, ku tambaye shi. In kun ɓata, ku ce "ni ne". In kuma yana lalube, ku jure, ku bar shi ya kai hannunsa. Allah ya sa mu gane.