Gonar Rumman ta Gulnar

Ka taɓa jin an kira matacce ya ba da shaida? A wannan labarin an yi, a birnin Shiraz na ƙasar Farisa.

Mijin wata mata mai suna Gulnar ya rasu, ƙaninsa Bahram ya ƙwace gonar rumman, wai gado ce. Ta kai ƙara gaban gwamna, abokin farautar Bahram.

"Ranka ya daɗe, gonar nan sadakina ce."

Gwamna ya yi hamma. "Kawo mijinki ya faɗa da bakinsa. In bai zo ba, gona ta Bahram ce."

"Allah ya taimake ka, ana kiran matacce shaida?"

"Wane mahaukaci zai kira matacce?"

"Kai kuwa ba mahaukaci ba ne, ashe mijina yana da rai! To, ana cin gadon mai rai?"

Gwamna ya gyara rawani. "Ba a ci."

"To Bahram ya fita daga gonar, ni zan ci gaba da yi wa maigidana ban ruwa har ya dawo."

Dariya ta kuɓuce wa gwamna. "Yaushe zai dawo, baiwar Allah?"

"Ranar da ɗan aikenka ya same shi."

A ranar nan Bahram ya kwashe kwandunansa daga gonar.

'Yar'uwa, nemi shaidun sadakinki yau, tun suna numfashi!